Zauren Tsirkiya: Kawu na amsa wasiƙunku kan jitar lantarki

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan jitar lantarki da tarkacen da ke bin ta, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar garaya da gurmi su ƙara haƙuri, takardunsu na nan a ƙarƙashin kofin shayina. Ga sababbin masu karatu kuma, ni ba makaɗin sana'a ba ne. Gyaran rediyo da talabijin na yi har ido ya fara gardama na bar wa yara shagon. Jita abar bayan la'asar ce a wurina, shekara talatin da ɗoriya ke nan. In kun ji na fi yawan zancen waya da dalma, to nan ne na fi wayo.

Kawu, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne, shekarata 34. Wata takwas ina zubin adashi don in sayi jitar lantarki ta farko. Wani mai shago ya nuna mini Gibson Les Paul sabuwa fil, ya ce zai bar mini ita a kuɗin da bai kai na Yamaha Pacifica da ke rataye kusa da ita ba, wai kwantai ta yi. Abokaina sun ce in yi maza kafin a riga ni. Me ka gani?
— Ma'aikaci, daga Zariya

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gibson Les Paul ta gaske a Amurka ake ƙera ta tun 1952, kuma ko gwanjonta ya ninka kuɗin Pacifica sau da yawa. Babu kwantan da zai sauko da ita can. In kana so ka gani da idonka, koma shagon ka dubi kan jitar, wajen kunnuwan ɗaure tsirkiya. Akwai wani ɗan murfin roba mai siffar ƙararrawa. Na Gibson da kusa biyu ake ɗaure shi, jabu kuwa galibi uku ne. In mai shagon ya yarda a kwance murfin, ta gaske za ka tarar da noti a ciki, jabun kuwa ramin alanki. Ina kyautata zaton ba zai yarda ba, kuma ƙin yardar ma amsa ce.

Na san wannan ciwon ne don ni ma an taɓa yi mini. Shekarar da na yi aure na sayi wata a hannun wani mutum da ya ce daga jirgin ruwa aka sauke ta, an rubuta Fender a kanta da ruwan zinari. Damina ɗaya ta ga bayan rubutun, harafin farko ya ɓare ya bar ni da sauran. Da na buɗe cikinta sai ga falwud irin na silin. Wuyanta ya lanƙwashe har yatsa na shiga tsakanin tsirkiya da katako. Wata shida ina zargin hannuna, ina cewa Allah bai ba ni baiwar ba, ashe kayan ne.

Jita mai sauƙin kuɗi ba abin kunya ba ce, matuƙar sunanta na gaskiya ta ɗauka. Squier ta kamfanin Fender ce, Epiphone ta Gibson ce, su da kansu suke yin su don irinmu. Pacifica ɗin da ka raina kuwa ita zan ce ka ɗauka, musamman in mai lamba 112 ce, ga dalili. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ne kunnen jitar, 'yan kiɗa na ce masa fikof. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da Fender ya fitar a 1954, muryarsa siririya ce, garau, amma yana kwaso gurnanin wutar lantarki. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara ɗora wa Les Paul a 1957, muryarsa kauri gare ta kuma naɗin biyu suna kashe gurnanin junansu. Pacifica 112 tana da masu naɗi ɗaya guda biyu da mai naɗi biyu guda ɗaya. Kai da ba ka riga ka san muryar da kake so ba, ga duka a gida ɗaya. Ga ta kuma ba nauyi. Les Paul takan haura kilo 4, in ka rataya ta awa guda kafaɗarka za ta ba ka labari.

Ko wacce za ka saya, kada ka biya sai ka zauna da ita rabin awa. Ka sa a saita ta, sannan ka danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe na wuya tun daga sama har ƙasa, kana sauraron inda take zizar ƙudan zuma ko inda sauti ke mutuwa. A ƙarfe na 12, tazarar tsirkiya mai kauri da ƙarfen kada ta wuce wajen milimita 2. Sautin da ke fita a ƙarfe na 12 ɗin kuma ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsayi. In ya kauce kaɗan, ana gyarawa a jikin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai a gangar jikin jitar. In ya kauce da yawa, bar musu kayansu. Ka ɗora gindin jitar a ƙafarka ka leƙa wuyan kamar mai duba katakon rufi: ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, murɗewa kuwa ba ta da magani. Ka jona ta, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza bakin waya ka ji ko tana ƙarar tuya.

Kuma kada adashin duka ya tafi a kan jitar. Tana buƙatar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, waya mai kyau, na'urar saitin muryar tsirkiya, da tsirkiya saiti biyu na ajiya, don a Zariya ba kowane lungu ake samunsu ba. Na ga mutane da dama sun kai jita gida sun rataye ta wata uku suna jiran albashi ya kawo sauran.

Kawu, ina zaune a gidan haya a Fagge, ɗaki da falo, da iyali da jaririya. Na samu Marshall mai wat 100 gwanjo, irin mai ƙwan gilashi a ciki. An ce mini ita ce uwar amfilifaya. In saya?
— Mai shagon waya, daga Kano

Ɗana, in kana neman hanyar da za ka san mai unguwarku da kyau, saya. Waɗannan manyan Marshall an yi su ne a Ingila a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da makaɗa ke cika manyan ɗakunan taro ba tare da lasifikokin zamani ba, dole amfilifayar jitar ita kaɗai ta kai wa na bayan ɗaki. Daɗin muryar mai ƙwan gilashi ba ya fitowa sai an matsa mata, kai kuwa a falonka ba za ka wuce lamba ɗaya ba jaririya ta farka. Ka sayi ingarma ke nan ka ɗaure shi a banɗaki.

Lissafin wat yana ruɗar mutane. Kunne ba ya jin wat 100 a matsayin ninki goma na wat 10, wajen ninki biyu kawai yake ji. Juya lissafin ka gani: wat 5 na ƙwan gilashi ma ya isa ya sa maƙwabta su buga maka ƙofa. Sannan ƙwayayen nan suna tsufa, samun na canji a nan wahala ne, ba sa son wutar da ke hawa da sauka, kuma in aka kunna amfilifayar ba a jone da lasifika ba taransifomarta na iya ƙonewa. A matsayina na tsohon mai gyara kuma ina roƙonka, kada ka taɓa sa hannu a cikinta. Akan samu bolt 400 ko fiye a maƙale a ciki bayan an zare ta daga bango.

Abin da ya dace da ɗaki da falo shi ne ƙaramar amfilifaya ta dijital mai kwaikwayon muryoyin manyan. Boss Katana 50 tana da lasifika mai inci 12 da maɓallin da ke sauke ta zuwa rabin wat, ta yi maka dare a gida, ta kuma yi maka ɗan taron suna. Fender Champion 20 ta fi ta ƙanƙanta, lasifikarta inci 8. In matsalar unguwarku wuta ce, Roland Micro Cube da Blackstar Fly 3 suna aiki da ƙananan batura shida. Ta ƙarshen lasifikarta inci 3 ce kacal, kada ka sa ran ta girgiza labule, amma nepa ba ta da iko da ita. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata tana da ramin abin sauraro na kunne. Wannan ɗan ramin ya fi wat casa'in amfani a gidan da ke da mai jego.

Kawu, ni nake kaɗa jita a majami'armu. Abu uku ke damuna. Amfilifaya tana gurnani, musamman in an tayar da janareta, amma in na dafa tsirkiya sai ya ragu. Na biyu, wani lokaci in ina riƙe da jita leɓena ya taɓa makirufo sai in ji ya ɗan ja ni. Na uku, ɗan'uwana ya aiko mini da amfilifaya daga Amurka, ban kunna ba tukuna.
— Mai kaɗa jita, daga Jos

Ɗana, na biyun zan fara amsawa, don shi ne na rai da mutuwa, kuma ina so duk mai karanta wannan shafi ya nutsu a nan. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya, ta wata 'yar waya da ke ƙarƙashin jaki, ta bi ta wayar da ka jona. Da gangan aka yi haka. In amfilifayar tana da wayar ƙasa mai kyau, duk wutar da ta ɓalle sai ta zarce ƙasa. In babu, ko kuma na'urar makirufo tana kan wani soket da aka juya wa waya, to wutar tana neman hanya, kuma hanyar ita ce hannunka, ƙirjinka, leɓenka. Wannan ɗan jan da kake ji gargaɗi ne. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sukotlan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea da ya taɓa makirufo irin haka. A 1976 Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar da ba ta da wayar ƙasa ta kirki. Can ma ke nan, inda wayarin gidaje ke da doka da masu dubawa.

Mu kuwa kun san halinmu. A karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, ko a feƙe waya a cusa a tokare da tsinken ashana. Kada a sake yin wannan da kayan kiɗa. Ku kira mai wayarin da ya san aikinsa ya kafa sandar tagulla a ƙasa, ya haɗa ta da ginin da kuma janaretan, ya sa muku na'urar nan mai katse wuta da zarar ta ji yoyo, mai miliamfiya 30. Amfilifayarka da na'urar makirufo su sha daga layi guda. Kafin a fara, a ɗauki mita a auna tsakanin tsirkiya da kan makirufo, kada a ga wani bolt na a zo a gani. Soso da ake sa wa makirufo yana rage jan, amma rufe ciwo ne kawai. Ka kai wa dattawan majami'a wannan shafin su karanta, ka ce in ji Kawu kuɗin sandar tagulla bai kai na asibiti ba. Har sai an gyara, kada ka kusanci makirufon da jita a hannunka.

Gurnanin kuwa da sauƙi. Raguwar da yake yi in ka dafa tsirkiya ba alamar lalacewa ba ce, haka jita take. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuma yana jin ta kamar eriya. Ƙaramin janareta da inbata mai araha suna ƙara ƙazanta a kan wannan, haka ma cajar waya ta bakin titi da wasu ƙwayayen fitila masu arha. Gwada wannan: tsaya da jitar a rataye, ka juya a hankali kamar mai neman tashar rediyo, za ka samu fuskar da gurnanin ya fi raguwa. In irin Stratocaster ce, sa maɓallin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, a yawancin na zamani fikof biyu ne ke haɗuwa su kashe shi. In kana da ƙarfin hali, a buɗe cikin jitar a shimfiɗa tef na tagulla a haɗa shi da wayar ƙasa. Ni da takardar alminiyam ta girki na yi wa tawa, har yau uwargida na tuna mini.

Ta Amurkan, madalla da ba ka kunna ba. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Duba bayanta kusa da inda waya ke shiga. In an rubuta 100 zuwa 240, jona abarka. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta amfilifayar na ci. Kayan Japan ma a duba, nasu 100 ne. Ba zan iya ƙirga irin waɗannan da aka kawo mini shago suna warin ƙonannen roba ba, kullum labarin ɗaya ne: yanzu-yanzu aka sauke ta daga mota.

Kawu, ina yini. Ni dai kiɗan jitar Buzaye na Agadas ne ya shiga raina, irin na Bombino da Mdou Moctar. Wane fedal zan saya in samu wannan sautin?
— Ɗalibi, daga Maraɗi

Lafiya lau, ɗana. Ka yi tambayar da ta faranta mini rai, amma ka nemi abin a inda ba ya nan. Mdou Moctar jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko ma a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a katin ajiya kafin Turai ta san da shi. Wannan kiɗan ya girma ne a wuraren biki, da ƙananan amfilifayoyi da duk wutar da aka samu. Fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya sauya muryar jita, daga baya ya zo, kuma ya tarar da sautin a wurin.

A yatsu yake. Ajiye 'yar robar kaɗawa. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri yana bugun ta ba fasawa, ita ce ƙasan da komai ke tsaye a kai, manuni kuma yana zana waƙar a kan sirara. Hannun da ke wuya shi ke yin rabin aikin: ka kaɗa sau ɗaya, ka buga yatsa a kan ƙarfe ka fizge, ka sake bugawa, sauti uku ko huɗu su fito daga kaɗawa guda. Yawancin waƙoƙin a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma ba a yawan sauya gindin kiɗan, ana zagaya shi ne ana ƙara masa zafi. Da yawa daga cikinsu sukan ɗaga tsirkiya mafi kauri daga muryar da ake kira E zuwa ta G don ta yi daidai da gindin waƙar. Gwada, amma a hankali kake murɗa kunnen.

Kai da ka tashi a Maraɗi ka fi Bature kusa da wannan abu nesa ba kusa ba. Je ka zauna kusa da mai gurmi ko mai molo, kada ka kalli bakinsa, kalli hannunsa na dama. Yadda tsirkiya ɗaya ke ta maimaita kanta ɗayar na magana, shi ne dai. Ni sai da na shekara goma ina bin littattafan koyon jita na Turawa kafin wani tsoho mai garaya ya nuna mini a zaure cewa abin da nake nema yana bayan gidanmu.

Na kaya kuwa, jita mai fikof mai naɗi ɗaya irin Stratocaster ko Squier ɗinta, amfilifaya a kan murya mai tsabta, a ɗan ƙara mata wuta har ta fara dishewa in ka kaɗa da ƙarfi. In ka shekara kana haka, hannu ya zauna, sannan ka nemi fedal ɗaya na kaushi da ɗaya na amsa-kuwwa. Ka kuma samu aboki mai tafi ko mai ƙwarya, don wannan kiɗan ba ya tashi da mutum ɗaya.

Kawu, na sayi fedal uku gwanjo. Batir na ƙare mini da sauri, sai na jona ɗaya da adaftar dikodarmu, ya yi ɗan wari ya mutu. Kuma wanne ake fara jonawa?
— Mai karatu, daga Sakkwato

Ɗana, ba kai ne farau ba. Yawancin fedal bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu mai alamar ragi ce. Adaftar dikoda da ta na'urar intanet galibi bolt 12 ce, tsakiyarta kuma mai alamar tarawa. Ka ba shi wuta fiye da kima kuma ta baibai. Bakin ya shiga daidai, shi ya sa tarkon ke kama mutane. Kada ka yar da shi. A da yawansu akwai wani ɗan diyod da aka sa don ya mutu a madadin sauran, mai gyaran rediyo zai canza shi da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Daga yau ka riƙa duba ɗan zanen da ke jikin adafta kafin ka jona. Batir kuwa yana zuƙewa ne don kana barin waya a ramin shiga. Wannan ramin shi ne makunnin, ko fitilar fedal ɗin a kashe take yana ci. Ka gama, ka zare.

Jeri: daga jita sai na saiti, sai mai takawar nan da ake kira wah-wah, mai sa jita kamar tana cewa wa-wa, in kana da shi, sai masu kaushi irin Boss DS-1 ko Ibanez Tube Screamer, sai masu karkaɗa murya, amsa-kuwwa da amon ɗaki su zo ƙarshe. Dalilin shi ne, gara a maimaita sautin da aka riga aka ƙazanta da a ƙazanta wanda aka maimaita, na biyun kunu yake zama. Ba doka ba ce, juya su ka ji da kunnenka, babu abin da zai ƙone.

Waɗancan biyun da na ambata tun 1978 da 1979 ake yin su, kuma har yau ana sayensu, wannan ya gaya maka cewa sabon fedal ba shi ne sabon kiɗa ba. Ina da bakwai a cikin kwali, biyu nake takawa. Wanda bai riga ya fara tara su ba, ya nemi na'ura guda mai haɗa duka, irin Zoom G1 Four, mai aiki da batura huɗu, ga na'urar saiti da ganga a ciki. A nan zai gane wanne yake so kafin ya kashe kuɗi. Kuma duk inda ka sa maɓallin kaushi, rage shi da rabi. Kaushi mai yawa yana ɓoye kuskure, shi ya sa sabon hannu ke son sa.

Kawu, tun da hunturu ya shigo ƙarafan wuyan jitata ke yankar mini hannu, tsirkiya kuma na ziza. An cuce ni ne?
— Mai karatu, daga Gusau

Ba a cuce ka ba, ƙanena, iska ce. Katako na son danshi wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa ka ga abin da yake yi wa leɓe da diddige. Katakon ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakinsa ya leƙo. Yanzu ne lokacin da za a goge bakunan da ƙaramin magagari mai laushi, a manna tef a kan katakon kafin a fara. In aka yi sau ɗaya a tsakiyar hunturu, da wuya ya dawo. Zizar kuma wuyan ne ya miƙe fiye da kima. A sassauta sandar ƙarfen da ke cikinsa da alanki, rubu'in zagaye kawai, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. In ta yi tauri kada ka tilasta.

Ka riƙa ajiye ta a cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a gidan sabulu mai huji, ba mai ɗigar ruwa ba. Kada ta kwana a but ɗin mota ko ta jingina da bangon da rana ke duka. Da damina kuma a cire soson, a riƙa goge tsirkiya da tsumma bayan kowane kiɗa saboda tsatsa. Wani ya taɓa kawo mini wadda ya shafe wuyanta da man gyaɗa. Kwana biyu ina kankara.

Kawu, ni mace ce, kuma bahaguwa, hannuna ƙanana. Yayana ya ce sai na fara da jitar katako tukuna, wai ta lantarki ta maza ce. Haka ne?
— Ɗaliba, daga Kaduna

'Yata, gaishe mini da yayanki, ki ce masa Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a Nijar da jitar yayanta ta koya wa kanta, yau kuma ta lantarki take kaɗawa a ƙasashen duniya. Ta lantarki ma ta fi sauƙin dannawa, tsirkiyarta ta fi laushi kuma ta fi kusa da wuya. Ki sa masu lamba 9, su ne sirara. Don ƙananan hannu ki nemi mai gajeren wuya, irin Squier Mustang mai inci 24, maimakon 25 da rabi na Stratocaster.

Bahaguntar ce ke son tunani. Jitar bahagwai tana da wuyar samu a kasuwanninmu, kuma duk inda kika je ba za ki iya aron ta wani ba. Ki ari ta dama ki yi mako biyu da ita. In hannu ya karɓa, kin huta. In kin ji kamar ana sa ki rubutu da ƙafa, kada ki takura kanki, ki sa a nemo miki ta hagu daga Legas, Mdou Moctar ma bahago ne. Farcen hannun da ke danna wuya dai dole a yanke shi ƙasa sosai. Lalle kuwa ba ya hana komai.